Jan Zare a Reshen Magarya

A shekarar da aka buɗe makarantar firamare a Fakuwa, akwai wata magarya a bayan aji. Da bazara ta kama, ganyenta ya zube. Malam Bube ya raba wa yara rassanta ba tare da an sare su ba, kowa ya ɗaura zare a nasa.

"Ku dubi gindin ƙaya," in ji Malam. "Kun ga ɗan ƙullutun nan mai gashi-gashi, ruwan ƙasa? Shi ne idon toho. Wanda reshensa ya fi 'ya'ya, shi zai riƙe lambun makaranta."

Wata yarinya ta ɗaura jan zare. Ƙawarta Hassana ta ɗaura fari.

Da ruwa ya sauka, idanun reshen Hassana suka kumbura, suka tsage, ganye kore shar ya leƙo. Na yarinyar kuwa shiru.

"Naki barci yake har yanzu?" Hassana ta ce, tana dariya. "Ko a kira mai ganga ya tashe shi?"

Maganar ta tsaya wa yarinyar a rai. Da aka tashi, ta laɓaɓa ta karye kan reshen Hassana. Sa'an nan ta sa farce ta ɓare idanun nata reshen, wai su yi sauri.

Damina ta yi tsaka. Reshen Hassana, da aka karye masa kai, sai ya fid da toho ta ko'ina, ya cika da ƙananan furanni. Idanun da yarinyar ta ɓare suka bushe ƙayau.

Malam ya duƙa, ya daɗe yana kallo. "Wannan aikin farce ne. Wancan kuma hannu ya karye shi, ba akuya ba."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ce, Malam. Haushi na ji."

"To, kin gani. Kin so ki cuce ta, kin yi mata sassabe. Naki kuma kin kashe shi saboda gaggawa."

Hassana ta matso kusa da reshen. Can ta ɗaga jan zaren. "Ke, daina kuka. Ga ido ɗaya ya ɓuya a nan, farcenki bai kai ba."

Tare suka yi renonsa. Da sanyi ya shigo, magaryar ta nuna. Hassana ta karɓi lambu, ta kuma zaɓi ƙawarta mataimakiya.

Yara, hassada mai ita take fara cutarwa. Ku kula da naku, ku taya ɗan'uwa murnar nasa.