Noti Na Tara

Malam Kamaruddeen mutum ne da bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kunci, amma tun da ya kalli bidiyon gyara guda biyu a waya ya naɗa kansa injiniya. Don haka da laftof ɗinsa ta ƙi tashi, ya ce ba mai kai ta Ɗanbatta, shi zai buɗe abarsa a gida.

Damina ce ta jawo matsalar. Ɗakinsu na yoyo, sai matarsa Aina'u ta naɗe laftof ɗin a buhu ta ajiye a rumbu, kan ragowar geron bara. Wata huɗu tana can.

Ranar da ya zauna gyaran, rana ta riga ta yi ja. Aina'u ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ta bar masa 'yarsu Humaira, mai wata bakwai, tana barci a kan tabarma kusa da shi. Ya cire batir ya ajiye. Ya kwance noti tara, ya jera su a murfin kwano, ya ɗaga marfin bayan.

Warin ƙaiƙayi da danshin ƙasa ya bugi hancinsa. A ramin da ake sa faifai, wani ɗan maciji baƙi ne a nannaɗe, kaurinsa bai wuce igiyar caja ba. Bai gudu ba. Kallonsa kawai yake.

Kakarsa ta sha gaya masa cewa macijin da aka tarar a cikin gida ba a taɓa shi sai an yi masa magana sau uku, an roƙe shi ya fita, don ba kowane maciji ne maciji ba. Kamaruddeen ya tuna sarai. Ya ja tsaki, ya zungure shi da sukundireba. Bakin ƙarfen ya karce shi a wuya, ɗan macijin ya sulale can ciki wajen fanka.

Nan malam ya yi dabarar da yake gani ta masu ilimi ce. Ya mayar da marfin, ya ɗaure notin duka. Na taran ya murɗa shi da dukkan ƙarfinsa har kan notin ya cinye.

"Kwana a nan," in ji shi. "Gobe na shanya ka a rana, mu ga ƙarshen taurin kai."

Ladan ya fara kiran magariba. Kafin ya kai ƙarshe, awakin da ke turke suka yi tsit. Kajin da ke hawa katanga ma suka daina motsi.

Sai fankar laftof ɗin ta fara juyawa.

Ya dubi batirin. Yana nan a gefen gwiwarsa.

"Salamu alaikum."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa. Ba daga zaure ta fito ba. Daga bayan rumbu ta fito.

Doguwa ce, lulluɓe da baƙin mayafi har ƙasa. Tana tahowa, amma babu ƙarar taku, sai wani sautin ja a kan rairayi, sarrr, sarrr. Warin ƙaiƙayi ya cika tsakar gidan. Ta wuce shi ta zauna a gefen Humaira kamar wata gwaggo da ta zo ganin jaririya.

"Malam," ta ce, "ɗana bai dawo ba."

Ya dubi laftof ɗin.

Ta zaro hannu daga mayafin, ta ɗora yatsa ɗaya a wuyan yarinyar. Farcen dogo ne, baƙi. Idonta ba ya ƙiftawa.

"Buɗe."

Ya rarumi sukundireba. Ƙarfen na ta zamewa. Noti na ɗaya ya fita. Na biyu. Na uku ya faɗi a ƙasa, bai ko nema ba. Daga ciki yana jin wani ɗan karce-karce, yana raguwa.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa.

"Karanta," ta ce a hankali. "Ni ma na haddace ta. Ba ni na shiga haƙƙin wani ba. Buɗe."

Na bakwai. Na takwas.

Na tara ya ƙi.

Sukundireban sai juyawa yake a cikin ramin da shi da kansa ya cinye. Ya danna. Ya sake dannawa. Gumi ya shiga idonsa.

Karcen da ke ciki ya tsaya.

Numfashin Humaira ma ya tsaya.

Kamaruddeen ya jefar da ƙarfen. Ya cusa yatsunsa a ƙarƙashin marfin, ya taka laftof ɗin da ƙafa, ya fizga. Farcensa biyu suka ɗaye. Robar ta tsage, ƙwas!

Shiru.

Sai ɗan baƙin kai ya leƙo. Ya ja jiki da ƙyar, ya bi tabarma, ya haye hannun matar. Humaira ta ja numfashi mai ƙarfi.

Matar ta daɗe tana duba karcen da ke wuyan ɗanta.

"Sau uku kawai aka ce ka yi magana," ta ce. "Ko sau ɗaya ba ka yi ba."

Farcenta ya motsa. Humaira ta tsala ihu.

Ya faɗa kan 'yarsa ya rungume ta. Da ya ɗago, babu kowa, sai wata doguwar shaida a kan rairayi da ta nufi rumbu. A haka Aina'u ta tarar da shi, hannu duk jini, yana kuka kamar yaro.

Laftof dai ba ta sake tashi ba. Yanzu ko rediyo Malam Kamaruddeen zai buɗe, sai ya yi sallama sau uku ya saurara, abokansa malamai na yi masa dariya.

Humaira ta shekara huɗu, lafiyarta ƙalau. Sai dai a gefen wuyanta na hagu akwai ɗan siririn tabo da ya ƙi ɓacewa, faɗinsa daidai bakin sukundireba. Duk sanda ta hau cinyarsa ta ce, "Baba, wa ya ji min ciwo a nan?" ba ya ɗora wa kowa.

"Ni ne," yake ce mata.