Mai Tir da Geron Tsohuwa

A wani zamani, a wani gari, an yi wani mutum wanda ba ya ganin ba daidai ba ya yi shiru. Kalmomin ɓacin rai kuwa ya san su kamar yunwar cikinsa, har da na Turanci.

Ran nan yana wucewa ya tarar da wata tsohuwa durƙushe bakin shanyarta. Wani ya kora shanu ta kan geronta, duk ya watse cikin ƙasa. Shi ke nan abincinta har kaka, ga hadari ya taso.

Ya ce, "Tir! Wannan zalunci ne!"

Ta ce, "Ɗana, kama mini mu tattara."

Ya ce, "Dakata, Iya, sai duniya ta gani."

Ya kirawo mutane. Wannan ya ce tir, wancan ya ce assha. Shi kuwa ya juya harshe ya yi ta zubawa da Turanci, aka kewaye shi ana jinjina kai.

Ta ce, "'Ya'yana, ku kama mini."

Ba wanda ya ji ta. Ruwa ya sauko, ya wanke geron ya yi kwari da shi, kowa ya gudu.

Mutumin ya ce, "Iya, wallahi raina ya ɓaci ƙwarai."

Ta miƙo masa ƙwaryarta, ba ko ƙwaya ɗaya ciki. Ta ce, "To, zuba mini ɓacin ran naka a nan, in je gida in daka."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannuwansa, ko ƙasa ba su taɓa ba.