Iska a Kulocin Motar Gudu

"Kowa ya kwanta!"

Rana tsaka, a shagon gwal. Oga yana tura sarƙoƙi cikin buhu, Dogo ya tare ƙofa da bindiga, Direba na waje inji a kunne. Suka faɗo mota, ya fizge ta sai bayan gari.

Daidai wata tsohuwar ma'aikatar bulo, kuloci ya nutse ƙasa kamar an taka ruɓaɓɓen tumatir. Giya ta ƙi shiga.

"Iska ce ta shiga man kulocin," in ji Direba. "Sai an fitar da ita. Mutum ɗaya ya shiga ƙasa yana kwance noti, ɗaya ya zauna yana taka kuloci."

Suka dubi juna. Na kujera yana tare da sitiyari da buhu. Na ƙasa kuwa sai Allah.

"To shiga mana," in ji Oga. "Haba ƙanena, ni zan ci amanarka?"

Direba bai taɓa jin Oga ya ce wa kowa ƙanena ba. Amma shi kaɗai ya san notin. Ya ɗauki sifana ya kurɗa ƙasa, ƙafafunsa a waje. Dogo ya buɗe bonet ya cika kofin man kulocin da man birki.

Can a shago mai gwal yana kuka yana kwatanta wa Sajan na 'yan sanda launin motar. 'Yan sanda suka ɗauki hanya da jiniya.

"Taka! Taka! Riƙe!" in ji Direba daga ƙarƙashin mota.

Ya sassauta noti, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure.

"Saki! Sake takawa!"

"Kai, ya fara tauri fa!" in ji Oga, murya har da daɗi.

"Saura kaɗan. Riƙe!"

Ya sake sassauta notin. Sai ya ji an rufe bonet. Sai ƙarar ƙofa. Sai makulli.

"Oga, tsaya, ban ɗau—"

Giya ta yi ƙara ta shiga da ƙyar, mota ta zabura. Tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu—ƙas! Ya tsinci kansa yana kallon sararin sama, sifana a hannu, yana ihu.

Gwanayen ba su yi nisa ba. Duk takun da Oga ya yi, mai sai ya zube a kwalta. A hawan gada motar ta tsaya cak, jiniya na bayansu. Dogo ya ɗaga bindiga, Sajan ya riga shi harbi. Nan Dogo ya faɗi, bai ko shura ba.

A bayan motar 'yan sanda aka haɗa Oga da Direba, wanda aka tsinto a bakin ma'aikatar bulo, ankwa ɗaya hannu biyu. Oga, baki a fashe, har da ƙarfin halin yin faɗa.

"Kai wane irin mugu ne? Me ya hana ka ɗaure notin?"

Direba ya dubi ƙafarsa da ta karkace ta inda ƙafa ba ta karkacewa. Ya san ta gama taka kuloci har abada.

"Oga," ya ce, "ka ji na ce ka saki?"