Ranar da Kwanon Yalwa Ya Dawo Wayam

Kullum da hantsi amalanken lantarki yake fitowa daga rumfarsa a tashar Birnin Tsauni, ya tsaya a kan layin dogo, ya yi ƙara sau biyu. Ba direba, ba kowa. Soja ya ɗora masa ɗan akwatin shaida ya matsa gefe, sai Yalwa mai dafa wa tashar abinci ta zo da kwanonta ɗaure cikin ɗankwali, ta ajiye kusa da akwatin, ta yi bismilla. Amalanke ya auna nauyin kayansa, ya shige rami, ya bi ta ƙarƙashin kogi zuwa Birnin Gaɓa. Kafin azahar ya dawo da akwatin mutanen can, da kwanon kuma, cike da abin da Allah ya hore wa ƙawarta Tabawa a ranar.

Shekara goma sha tara ana haka.

Tudu da Fadama da can ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Aka yi rigima tun zamanin kakanni, aka raba, kogi ya zama iyaka. Daga nan kowa ya haƙa rijiyoyi, ya zuba makaman ƙare dangi masu linzami, ya rufe da murfin ƙarfe. Tudu arba'in, Fadama arba'in. Masu ilimi suka ce wai wannan shi ne zaman lafiya: kowa ya san in ya harba, kafin nasa ya sauka na wancan ya taso, to ba mai farawa. Yalwa aji uku ta yi a boko, amma ta ce ita dai abin ya yi mata kama da maƙwabta biyu, kowa ya ɗaure mahaukacin kare a ƙofar ɗan'uwansa, sannan a ce a je a kwanta.

Amma an yi zamani mai daɗi, kuma ta gan shi da idonta. Lokacin tana amarya aka sa hannu a Yarjejeniyar Duba Juna. Mutanen Fadama suka turo masu duba su ashirin da iyalansu, suka zauna a Tsauni, na Tudu ma suka tafi Gaɓa. Kowace Laraba a buɗe musu rijiyoyi su leƙa su ƙirga, su dawo gida su ci tuwo. Haka aka yi Tabawa ta zama maƙwabciyarta, katanga ɗaya, kuma katangar ma gajera ce. Mijin Tabawa yana ƙirga makaman da mijin Yalwa yake gogewa, da yamma su shimfiɗa tabarma ɗaya suna musun ƙwallo. Matan kuwa ta saman katanga suke miƙa wa juna kwano. Tabawa ta ce tuwon 'yan Tudu sai an sa guduma, Yalwa ta ce 'yan Fadama ko kunu suka dama sai ya yi ƙarnin kifi. Tabawa ce ta karɓi haihuwar ɗan farin Yalwa ranar da motar asibiti ta makara. Yalwa ce ta yi wa Hansatu, 'yar Tabawa, kitson farko.

Shekara goma sha ɗaya suka yi. Sai manya suka ɓata, aka ƙi sabunta yarjejeniya, aka ce masu duba su koma gida cikin kwana uku. Abin da ya rage amalanken nan ne kawai, mai kai akwatin da ke shaida cewa makamai ba su ƙaru ba. An hana sa masa takarda ko wani rubutu. Sai dai a tsohuwar yarjejeniyar akwai wani ɗan layi da ya yarda da "kayan zumunci", aka manta ba a soke shi ba. Washegarin tafiyar Tabawa, Yalwa ta ɗora ɗanwake a tsohon kwanon samira mai ɓantaren baki. Da azahar ya dawo da soyayyen kifi. Ai ba a mayar wa maƙwabci kwano ba komai.

Aikin masu duba kuwa na'ura aka ba. Sunanta na takarda dogo ne, mutane Sikeli suke ce mata. Tana da allo kamar bangon ɗaki da allura guda: kore, ruwan ɗorawa, ja. Tana haɗiye komai, hotunan tauraron ɗan'adam, jawaban shugabanni, motsin motocin soja, har nauyin amalanke, ta auna ta ce ga inda aka kwana. Doka ta ce in allura ta zauna kan ja awa uku, murafan rijiyoyi su buɗe da kansu. Fadama ma suna da tasu Sikelin, ita ma da tata dokar. Mai kula da ta Tsauni shi ne Sallau, ɗan farin nan na Yalwa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "kai" ko "Injiniya" in tana son ta tsokane shi.

To ranar wata Talata amalanke ya dawo, Yalwa ta ɗaga kwano ta ji sakayau. Ta tsaya. Ɗaurin ɗankwalin ba na Tabawa ba ne. Tabawa bahaguwa ce, ƙullinta kullum hagu yake kwanciya, wannan kuwa an yi shi tsaf kamar na kanti. Ta kwance. Kwano a wanke tas, har yana ƙamshin sabulu, ba ko ƙwayar gyaɗa.

Ba ta kai ga zama ba jiniya ta ɗauka.

Ta shiga ɗakin Sikeli da kwanon a hannu, ba wanda ya tare ta, don kowa ya rikice. Allura na kan ja. Kanar Gwadabe, shugaban tashar, yana tsaye gaban jar waya, wadda ke haɗa shi kai tsaye da takwaransa na Gaɓa. Shekara uku ba a ɗaga ta ba. Ya nemi izini daga babban birni, aka ce masa wanda ya fara kira shi ne ya nuna tsoro, kada ya kuskura.

Sallau yana ta danne-danne, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ga abin da ke hannunta sai ya daina. Ya yi wa Kanar bayani da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunya. Ashe Sikeli ta daɗe da gane cewa jawabin shugabanni ba abin riƙewa ba ne, yau zafi gobe sanyi. Motocin soja ma sukan yi ta yawo ba dalili. Abu ɗaya ne bai taɓa saɓawa ba cikin shekara goma sha tara, kwanon nan. Sai ta yi nata lissafin: duk ƙasar da za ta harba, sai ta fara kwashe iyalanta daga bakin iyaka. Muddin kwano na dawowa cike, mata na nan suna girki. Yau ya dawo wayam. Ga kuma hoto daga sama, motoci sun cika wata unguwa a Gaɓa, ga maza sun yi layi-layi a fili.

"Kana nufin duk kuɗin da aka kashe, ɗanwake take aunawa?" in ji Kanar.



Yalwa ta matsa gaban allon. Ta ce a ƙara girman hoton. Sallau ya ce Inna ki koma kicin don Allah, ta ce kai, yi abin da na ce. Ya ƙara. Ba hoto tsayayye ba ne, mai motsi ne. Maza sahu bakwai, a tsaye ƙiƙam, mutum ɗaya a gaba. Na'ura ta rubuta a ƙasa wai taron tashi ne, ana jera mutane za a zuba su a mota. Yalwa ta zuba ido tana jiran su sunkuya. Ba su yi ruku'u ba. Ba su yi sujada ba. Sai ta ga hannaye sun ɗaga, sun sauka.

Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zauna a ƙasa, nan kan tayil ɗin, da kwanon a cinya.

Kanar ya ce, "Hajiya, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, jana'iza ce. Wannan bishiyar mangwaron a bayan gidan Tabawa take, ta sha ba ni labarinta. Gidan da aka yi rashi ba a hura wuta. Yarinyar ce ta wanke kwano ta maido, Hansatu, a birni ta tashi, ba ta san al'ada ba. Kuma kun hana rubutu, da me za ta gaya mini?"

Kanar ya ce ya yarda da ita, wallahi ya yarda, amma ba shi da ikon taɓa allura, an yi ta ne musamman don kada mutum ya sa mata hannu. Saura awa biyu da 'yan mintoci murafai su buɗe. Suna buɗewa, Sikelin Gaɓa za ta gani, ita ma ta buɗe nata. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Yalwa ta goge ido da gefen mayafi ta miƙe. Ta ce ita ba ta san allura ba. Abin da ta sani, an yi wa maƙwabta rasuwa, gida cike da 'yan gaisuwa, kuma ba a kai musu abinci ba. Manzon Allah ma ya yi umarni a dafa wa gidan makoki. A fito mata da amalanke.

Kanar ya ce amalanke sau ɗaya yake tafiya a rana. In ya shiga rami ba lokacinsa ba, da kaya masu nauyi, mutanen can za su zaci bam ne.

"A bar tukwanen a buɗe," in ji ta. "In na'urarsu ba ta da hanci, sojojinsu suna da shi."

Ya dubi jar waya, ya dubi allo. Ya ce a fito da shi.

Abincin ranar sojoji ne, ba a riga an raba ba: shinkafa da wake tukunya biyu, tuwon dawa da miyar kuka, mai da yaji. Ba wanda ya yi ƙorafi, su da kansu suka ɗauko. Yalwa ta zuba ɗanwake a kwanon samira, ta ɗaure da ƙullinta, ta ɗora a sama. Amalanke ya yi ƙara sau biyu, ya shige rami yana tururi.

Ta yi alwala ta yi azahar ɗinta a bakin ramin. Ta daɗe a sujadar ƙarshe. Ba makamai take tunani ba. Ranar da Tabawa ta haura katanga da zani ɗaya ta zo karɓar haihuwa take tunani, da yadda take dariya tana rufe baki saboda wushirya. Shekara goma sha tara ba ta ji muryarta ba, amma ta san ranar da ciwon ƙafa ya matsa wa Tabawa, don ranar dafaffen ƙwai kawai ke zuwa. Ta san shekarar da mijin Tabawa ya rasu, don wata huɗu da kwana goma miyar ba ta da daɗi.

Saura minti ashirin aka ji ƙugin amalanke. Tukwane sun dawo an kwashe, ba a ko tsaya wankewa ba. Kwanon samira na sama, an ɗaure shi da wani irin ƙulli na tsofaffi. Yalwa ta kwance. Dabino bakwai ne, da carbi baƙi mai ƙwaya ɗaya ja a tsakiya. Carbin Tabawa ne. Yalwa ce ta saka jar ƙwayar da hannunta ranar da carbin ya tsinke a tsakar gidanta.

A ciki aka ji Sallau yana cewa allura ta sauka, ta koma ɗorawa, tana tafiya kore. Sojoji suka yi ta hamdala. Yalwa ba ta shiga ba.

Bayan wata biyu manyan Tudu da na Fadama suka zauna teburi ɗaya, karon farko cikin shekaru. Ashe Sikelin Gaɓa ma kwanon take aunawa. Mutane suka sa rai za a dawo da masu duba, ko a cike rijiya ko da goma ce. Kwana tara suna taro, suka fito da matsaya ɗaya: bai kamata rayuwar ƙasa biyu ta rataya a kan girkin tsofaffi ba. Aka ƙera injin cika kwano, ɗaya nan ɗaya can. Kullum ya zuba wani farin gari dafaffe, nauyi daidai, ya rufe, ya ɗora. Aka ba Yalwa takardar yabo mai zanen zinare, aka ce ta je ta huta.

Wata Juma'a Sallau ya zo gaishe ta, yana ta murna, ya ce tun da aka sa injin allura ba ta ko motsa ba.

Ta ce, "Wa yake ci?"

Ya ce ba a ci, zubarwa ake yi, a wanke kwano a sake cikawa.

"To in an yi musu rasuwa fa? Ko sun yi fushi? Ko sun kwashe matan da gaske?"

Ya ce zai tambaya a ofis.

Ta ce ya zauna ya ci abinci, ɗanwake ta yi, kuma ya yi yawa. Har yanzu in ta zo auna gari hannunta sai ya ƙara na mutum ɗaya. Ta zuba masa, ta koma kan dardumarta, ta ɗauki baƙin carbin. Ta taga ana hango tsaunin, da murafan ƙarfe arba'in suna ƙyalli a rana, ba a cike rijiya ko ɗaya ba. A tasha kuma allura na nan kan kore.