Gajimare a Ɗakin Auta

Magariba ta kawo jiki, Mai-wanki tana kwashe shanya a tsakar gida, sai ta ji ƙas a kan kwano. Ta ɗauka tsakuwa ce, sai ga wata, sai ga wasu. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta narke a tafin hannunta. Ƙanƙara ce. Ta ɗaga kai, sama fes, ko ƙyallen hadari babu.

Wata biyu ke nan da ta shafe tsakar gidan kaf da siminti, ta karkata indararo zuwa cikin babban tanki, don kada ɗigo ɗaya ya kuɓuce mata. Da ruwan nan take wankin mutane, da shi take riƙe kanta da 'yarta Auta tun rasuwar mijinta.

Daga ranar gidan ya canja. Ruwan bokiti ya riƙa tashi kamar tururi, ba wuta ba rana, ya taru a rufin ɗakin Auta, ya zama gajimare, ya yi baƙi, ya yi nauyi, sannan ya zubo a kan katifa. Kayan mutane suka ƙi bushewa. A rana ta biyar Auta ta zauna a tsakiyar jiƙaƙƙen ɗakin, ta yi magana da muryar tsoho.

"A buɗe mini hanya."

Ƙanin Mai-wanki ya ce, "Yaya, ki tattara ku dawo wurina."

"In bar gidan da na gina da kumfar sabulu? Mai muryar nan shi ya tattara."

Ta ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya. Ya zauna a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga a kafaɗarsa, ya daɗe yana karatu har Auta ta fara makyarkyata.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Ni ne na ƙarƙashin gidan nan, tun ba a aza tubali ba. Ruwa yana tashi daga teku, ya zama girgije, ya sauko, ya nutse ya iske ni, in miƙa shi ga rijiyoyi. Matar nan ta toshe. Wata biyu ina jin sa yana bugun siminti, ko laima ban gani ba."

"Me kake so?"

"Gidan. Ko yarinyar."

Malam bai buɗe baki ba Mai-wanki ta ratsa ta gabansa ta shiga ɗakin. Ta durƙusa ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Kalle ni da kyau. Ba ka samun ko ɗaya. Da ƙishirwa ce ta dame ka, ai sallama za ka yi ka roƙa, kamar kowa. Jifa da shiga jikin marainiya, wannan aikin ragwaye ne."

Gajimaren ya yi ruri. Fitila ta mutu, ta dawo.

"To a fasa tanki," in ji muryar, ta ɗan sassauta.

"Ko murfinsa ba za a taɓa ba."

"Rabin simintin."

"Taku uku a gindin katanga, inda rarar tanki take zuba. Kuma ba don kai ba. Don ƙasa ta sha."

Malam ya ce, "Ka ji. Ruwa ba naka ba ne, ba nata ba ne, ratsowa yake yi. Ka fita, kada ka dawo."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Gajimaren ya sulale ta taga, ɗakin ya yi tsit.

Da gari ya waye Mai-wanki ta aro guduma. Ƙaninta ya tsaya a gindin katanga zai auna da dogayen ƙafafunsa, ta ture shi gefe.

"Taku uku na ce, ban ce na wa ba. Auta, zo ki taka. Kuma kada ki buɗe ƙafa."