Wa Ya Ƙirga Shanun Bubayero?

Kai mai karatu, ka sha ganin sunan dakta a goshin takardar bincike, ba ka taɓa tambayar ko wane ne ya sha rana ya tattaro alƙaluman ba. Kawar da kai ka yi. To, ji abin da ya biyo baya.

Ranar Litinin da hantsi Haulatu ta shigo ofishin 'yan sanda na Kusada. Ma'aikaciyar wata cibiyar binciken dabbobi ce, shekara tara tana bin rugage tana rubuta yawan shanu da madararsu. Littattafanta goma sha huɗu sun ɓace daga kabad.

"Yallaɓai, ranar Alhamis kwamitin ƙarin girma zai zauna," ta ce wa Insifekta Sada. "Wanda ba shi da abin nunawa sallamarsa za a yi. Babu takardar bincike ko ɗaya mai sunana. Littattafan nan ne kaɗai shaidata."

Insifekta ya je ya duba kabad ɗin. Kwaɗon lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Daga ni sai shugabana, Dakta Amiru."

A Kankia ya sami Dakta a ofis.

"Waɗanne littattafai kuma? Ai yarinyar rakiya kawai take min. Ni da kaina na je rugar Bubayero a Kaikai, na tambaye shi shanunsa nawa, ya ce tamanin da uku."

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

Insifekta ya rubuta, ya kama hanyar Kaikai. Ya tarar da dattijon a gindin gawo.

"Baffa, shanunka nawa?"

Bubayero ya dube shi sama da ƙasa. "Suna nan lafiya. Kai ɗan sanda ne ko mai jangali? Ko ɗan cikina bai isa ya yi min wannan tambaya ba. Mu ba mu ƙirga shanu."

"To, a ina aka samo tamanin da uku?"

"Sai dai Haulatu. Tana zama da matata Adda wurin tatsa, tana rubuta sunan kowace saniya. Ba ta taɓa tambayata ba."

"Dakta fa?"

"Mai farar mota? Bai taɓa sauka daga kwalta ba."

Da la'asar Insifekta ya koma Kankia.

"Dakta, wanda ya taɓa zama a ruga ba zai yi irin ƙaryar da ka yi ba. Buɗe min bayan motarka."

Littattafan na nan a cikin buhu, tare da sababbi guda biyu da Dakta ya fara kwafe bayanan a cikinsu.

Dakta ya jingina da mota. "Muƙamin farfesa nake nema. Kwamiti ya ce in kawo ainihin bayanan, ga shi kowane shafi rubutunta ne. Amma Insifekta, tattara alƙaluma ai ba ilimi ba ne. Haka kowa yake yi."

"Sai ka maimaita wa alƙali. Mu je."

Ranar Laraba Haulatu ta kai littattafanta cibiya. Sakataren kwamiti ya juya fom ɗin ƙarin girma gaba da baya. Akwai gurbin takardun da aka wallafa, akwai na tarurruka. Na shekara tara a ruga babu.

Gobe za su zauna. Kai da ke cikin irin wannan kwamiti, ko ka san wanda ke ciki, ɗauki biro ka buɗe wannan gurbi yau ɗin nan, ka rubuta sunanta.