Jimlar da Duk Kaduna Ta Ji

"Maimaita abin da ka ce, Sharhabil!"

Turai ta dire jakarta a kan motarsa da ƙarfi, har 'yan matan ajinta da ke fitowa daga ƙofar makaranta suka waigo.

"Yi a hankali mana, Gimbiya..."

"Ba zan yi a hankali ba! Ka maimaita!"

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa. "Cewa na yi ranar Asabar zan bar miki gasar. In an jefo mini kalma sai in yi shiru. Ki ɗauki kofin, ran Abba ya yi sanyi, a bar ni in turo manyana."

Wallahi da ba a bakin titi suke ba, da kuka za ta fashe da shi don takaici.

Shekara uku ke nan wani gidan rediyo mai zaman kansa yana shirya gasar malaman Turanci a Kaduna. Alƙali zai jefo kalma, malami ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya kawo 'yan'uwanta guda uku, sannan ya saka ta a jimla ya fassara, duk cikin daƙiƙa talatin. Shekara biyu a jere Turai, malama a makarantar mahaifinta da ke Unguwar Dosa, tana zuwa zagayen ƙarshe. Shekara biyu a jere wannan dogon malamin na Kinkinau yana kayar da ita da maki ɗaya tak. A bara ta bi shi har waje don ta gaya masa baƙar magana, sai aka ƙare da karɓar lambar waya. Kar ku tambaye ni yadda aka yi, ita ma kanta ba ta sani ba.

Matsalar ita ce Abba.

Alhaji Datti, mahaifin nata, ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya ya buɗe tasa makarantar, kuma mutum ne da ba ya manta kaye. Yana cikin daurewa da zuwan Sharhabil zance, sai Harira ta ƙarasa ɓata lamarin. 'Yar ƙanin Abba ce, sakatariyar makarantar, wadda tun ranar da ta fara ganin Sharhabil ta ƙyalla ido a kansa. Ita ta ɗauki hotonsa a waya yana riƙe da shuɗin littafin da Turai ke tara kalmominta na gasa, ta kai wa Abba har falo.

"Abba, ba son ta yake ba fa. Littafinta yake zuwa kwashewa!"

Alhali riƙe mata kawai ya yi, tana gyara mayafi. Amma wa zai saurara? Abba ya ƙwace littafin ya kulle a durowarsa, ya ce in yaron nan ya sake cin gasar da kalmomin 'yarsa, kada ya ƙara ganin motarsa a layin.

"Kin ga ke nan ba ni da zaɓi," in ji Sharhabil, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kofi ne fa kawai, Zuciyata. Ke kuwa..."

"Kofi ne kawai?" Idanunta suka cicciko. "Wata shida ina shiri saboda kai! Ko tuwo nake tuƙawa kalmomi nake bita, don in kayar da kai da hannuna. Sai ka miƙo mini kamar sadaka?"

"To in na ci na rasa ki!"

"In ka sassauta mini ma ka rasa ni. Na rantse, Sharhabil. In na ga ka yi shiru a kan kalmar da na san ka sani, ni da kaina zan ce wa Abba na fasa."

Ta suri jakarta ta juya. Sai da ta shiga gida sannan ta gane sarai abin da ta jefa su ciki. Tana son sa, so na gaske, kuma ta toshe masa hanyar da ta rage.

Ranar Asabar da hantsi zauren gidan rediyon ya cika maƙil. 'Yan Kinkinau a dama, 'yan Unguwar Dosa a hagu, har da wata bas guda daga Rigasa waɗanda kallo kawai ya kawo su. A layin gaba Abba ne zaune cikin farar babbar riga, ya sha mur, shuɗin littafin nan a cinyarsa da jan biro a hannu. Harira na gefensa tana ta murmushi kamar ita aka zo ɗaura wa aure.

"Masu sauraro, ga su nan kuma!" in ji alƙalin gasa, Malam Lawal. "Malama Turai da Malam Sharhabil, karo na uku!"

Aka fara.

Kai, ranar Turai ta nuna ita 'yar Datti ce! Kafin alƙali ya rufe baki ta amsa. Sharhabil ma bai bar ko ɗaya ta wuce shi ba. Shida da shida. Tara da tara. Duk sanda ya amsa, sai ta hango Abba yana buɗe shafukan littafin yana bi da biro, gabanta ya faɗi.

Sha ɗaya da sha ɗaya!

Zauren ya kaure da ihu, sai da Malam Lawal ya buga tebur.

"Kalma ta ƙarshe, kuma layin Malam Sharhabil ne. In ya amsa, kofi nasa. In ya kasa, ta koma wurin Malama. Kalmar ita ce... rival!"

Turai ta ji kamar ta yi dariya, kamar ta yi kuka. Wannan ko ɗalibanta sun san ta.

Sharhabil ya yi shiru.

Daƙiƙa biyar.

Goma.

Ya ɗago ya dube ta, idonsa na roƙon ta ta bar shi ya yi abin da ya yi niyya. Ta watsa masa wata harara, ta girgiza kai sau ɗaya.

"Saura daƙiƙa goma sha biyar, Malam!"

Ya ja numfashi, ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Abokin karawa ke nan. Wanda kuke neman abu guda, kowa na son ya riga. 'Yan'uwanta su ne competitor, contender, challenger."

"Enemy fa, ba ta shiga?" Malam Lawal ya tsokane shi.

"Ba ta shiga, ranka ya daɗe. Wancan maƙiyi ne, so yake ka faɗi kada ka tashi. Wannan kuwa so yake ka zo da duk ƙarfinka."

"To, jimla!"

Ya faɗe ta da Turanci tiryan-tiryan. Turai ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi tun kafin ya fassara. Bai ko kalli alƙali ba, ita ya kalla.

"Abokiyar karawata ce ta sa na zama malamin da na zama, kuma ina roƙon mahaifinta ya bar ni in yi ta karawa da ita har tsufanmu."

La ilaha illallahu! Zauren ya tashi! 'Yan Rigasa suka hau tafi da fito, wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, Malam Lawal na dariya yana faɗin, "Jimla ta yi! Jimla ta yi! Masu sauraro, kun dai ji da kunnenku!"

Turai ta rufe fuska da mayafi. Ta sha kaye karo na uku, kuma tunda take ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Sai kuma ta tuna da Abba, daɗin ya koma ciki.

A harabar gidan rediyon suka same shi tsaye jikin motarsa. Sharhabil ya ajiye kofin a ƙasa ya durƙusa har gwiwa.

"Abba, ina wuni..."

"Me ya sa ka yi shiru da farko?"

"Na so in bar mata ne, Abba."

"Me ya hana ka?"

"Ta ce in na yi haka ta fasa."

Abba ya juyo ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga shuɗin littafin.

"Harira, matso." Ta matso jiki a sanyaye. "Kalma goma sha biyu yaron nan ya amsa. Na bi littafin nan shafi-shafi, ko ɗaya babu a ciki. Me ya kwasa?"

"Abba, ni dai hoton na gani..."

"Ke kika ɗauka ai. Shiga mota, ma yi magana a gida."

Ya miƙa wa Turai littafinta, ya gyara zaman hularsa.

"Da ka yi shiru har lokaci ya cika, da ban ba ka ita ba. Mutumin da zai yi wa 'yata ƙarya a gaban jama'a don ya faranta mata, a gida ma zai yi." Ya ɗan yi gyaran murya, gefen bakinsa na motsi. "Kuma tunda ka roƙe ni a rediyo, duk Kaduna ta ji, ina zan sa kaina? Ka ce wa manyanka su zo Juma'a bayan la'asar."

"Abba!" Turai ta riƙe hannunsa, hawaye na zuba tana dariya.

"Sakar mini hannu, ke da kika bari aka sake kayar da ke. Kai kuma, kofin nan aro ne. Baɗi ni zan horar da ita da kaina!"

Motar na tashi, Sharhabil ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, baki har kunne.

"Amaryata, kawo littafin in riƙe miki..."

Ta ƙanƙame shi a ƙirji ta ja da baya.

"Ka ma daina! Daga yau ba ka ƙara taɓa shi."

"Har bayan aure?"

"Musamman bayan aure!"